Inganta Ƙyanƙyasar Ƙwai da Nagartar 'Yan Tsakin Buroila

1.0 Gabatarwa

Bata wata mahaɗar hanyoyi ce a birnin Kano, a kan titin Murtala Muhammad, inda Fagge ta yi iyaka da Sabon Gari. Wurin ya samo sunansa ne daga kantin takalma na kamfanin Bata. Ta nan jama'a da yawa suke bi su shiga kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, inda ake cinikin kaji masu rai. Idan Sallah ko Kirsimeti ta gabato, akan ga ana shigo da wasu fararen kaji masu faɗin ƙirji da kaurin ƙafa. Su ne buroila, wato kajin da ake kiwo domin nama kaɗai. Da yawa daga cikinsu ƙananan masu kiwo ne suke kawo su, kamar ma'aikacin da ke neman abin cike gurbin albashi, ko matar aure da ta keɓe wani ɗaki a gida, ko matashin da ya ranto jari.

Sau da yawa akan ji irin waɗannan masu kiwo suna kukan cewa 'yan tsaki sun mutu musu tun a makon farko, ko kuma sun ƙi girma duk da abincin da suka ci. Akan ɗora laifin a kan abinci ko magani ko rashin sa'a. Amma Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Nagartar kazar da ta iso kasuwa ta faro ne tun daga iyayen da suka samar da ƙwan, da yadda aka adana shi, da yadda aka ƙyanƙyashe shi. A wannan babi za a bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, domin ɗalibin da zai zama malami ya fahimci al'amarin, ya kuma iya bayyana shi da Hausa ga ɗalibansa da al'ummar da zai zauna a cikinta.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Ƙyanƙyasa ita ce fitowar ɗan tsako daga cikin ƙwai bayan ya cika kwanakinsa, waɗanda ga kaza kwana 21 ne. A gargajiyance kaza ce take yin kwanci a gurbi, ta ɗumama ƙwan da jikinta, ta riƙa juya shi da baki. Ƙwan da ya ƙi fashewa, kaza ta tashi ta bar shi, shi ake kira baragurbi, wato “bar a gurbi”. Daga nan ne kalmar ta yaɗu har ake kiran mutumin banza da ita.

Ƙwai mai zakara shi ne wanda kazar da ta saka shi ta sadu da zakara, kuma shi kaɗai ne zai iya zama tsako. Ƙwan da ake sayarwa kiret-kiret domin ci ya fito ne daga kajin da ba a haɗa su da zakara, saboda haka ko ya shekara a injin ba zai ƙyanƙyashe ba.

Yawan ƙyanƙyasa kuwa lissafi ne na kaso cikin ɗari, kuma iri biyu ne. Alal misali, a ce an zuba ƙwai 1,000 a injin, 900 daga ciki masu zakara ne, sannan 'yan tsaki 810 suka fito. Idan aka auna da dukkan ƙwan da aka zuba, an sami kashi 81 cikin ɗari. Idan kuwa aka auna da masu zakara kawai, an sami kashi 90. Bambancin nan yana da amfani, domin shi ne yake nuna inda matsala take. Ƙarancin ƙwai mai zakara laifin gonar iyaye ne, mutuwar tsako a cikin ƙwai kuwa galibi daga ma'aji ko injin take tasowa.

3.0 Asalin 'Yan Tsakin da Ake Kiwo a Kano

Ƙyanƙyasa ba tare da kaza ba tsohuwar sana'a ce. Mutanen Masar sun yi ta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, a cikin ɗakunan ƙasa da suke ɗumamawa da wuta. Abin da zamani ya ƙara shi ne injin da ke auna zafi da laima, yake kuma juya dubban ƙwai da kansa.

Buroila ba irin kajin gida ba ce da za a ajiye zakara da kaza su yi ta haihuwa. Wasu manyan kamfanonin Turai da Amurka ne suke riƙe da tsatson, suna auratayya tsakanin zaɓaɓɓun zuriyoyi har su fitar da nau'o'i irin su Cobb 500 da Ross 308 da Arbor Acres. Gonakin Nijeriya suna kiwon iyayen, su tattara ƙwansu, su ƙyanƙyashe, su sayar da tsako ɗan kwana ɗaya. Shi ya sa wanda ya ajiye buroilar kasuwa domin ta yi masa iri ba ya samun 'ya'ya masu kama da ita.

An daɗe ana kawo yawancin 'yan tsakin da ake kiwo a Arewa daga Kudu maso Yamma, musamman Ibadan da kewayenta, inda kamfanoni irin su Zartech da CHI suke, tafiyar da ta haura kilomita 800 kafin a iso Kano. A watan Satumba na 2017 kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar ƙyanƙyasa a Ƙaramar Hukumar Chikun ta Jihar Kaduna, wadda aka tsara domin fitar da 'yan tsaki miliyan 1.6 a kowane mako. Wannan ya rage wa wani kaso na 'yan tsakin nisan tafiya. Baya ga waɗannan, akwai masu ƙananan injuna da ke ƙyanƙyasar ƙwan kaji da zabi da salwa a gidaje. Ƙa'idojin da za a bayyana a ƙasa sun shafi babba da ƙarami.

4.0 Matakan Inganta Ƙyanƙyasa

4.1 Kula da Iyaye

Duk abin da tsako zai rayu a kai na tsawon kwana 21 yana cikin ƙwan tun ranar da aka saka shi. Idan abincin uwa ya gaza a sinadaran bitamin A da E da B2, ko a sinadarin da ke gina ɓawo, tsakon yakan mutu a ciki ko ya fito da rauni. Haka kuma masara ko ƙulin gyaɗar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai suna afalatokzin, wadda take rage yawan ƙwai da yawan ƙyanƙyasa. Ita ce ta kashe talotalo kimanin dubu ɗari a Ingila a 1960, ta hanyar ƙulin gyaɗa da aka sa musu a abinci.

Iyayen buroila suna da saurin ƙiba, don haka ana auna musu abinci ne, domin zakaran da ya yi teɓa ba ya iya barbara yadda ya kamata. Akan ajiye zakara 8 zuwa 10 ga kowace kaza 100. Shekaru ma suna da tasiri. Kajin sukan fara ƙwai a wajen mako na 24 ko 25, ƙyanƙyasa ta kai ƙololuwa tsakanin mako na 30 da na 40, daga nan ta riƙa raguwa. Ƙwan sabuwar kaza ƙarami ne, tsakonsa ma ƙarami, ba ya jure sanyi. Na tsohuwa kuwa babba ne amma ɓawonsa ya fi rauni.

Akwai kuma cututtukan da uwa take sa wa tsako ta cikin ƙwai, kamar farin zawo da taifot na kaji da wani ciwon numfashi mai daɗewa. Tsakon da ya gaji irin waɗannan ya shigo duniya da ciwonsa, kuma babu gwanintar mai kiwo da za ta mayar da shi lafiyayye sarai.

4.2 Tattarawa da Adanawa

Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska take shiga, ruwa yake fita. Lokacin da kaza ta saka ƙwai yana da ɗumi, yayin da yake hucewa sai ya riƙa zuƙo iska, tare da duk ƙwayar cutar da ke jikin ɓawon. Saboda haka ake kwashe ƙwai aƙalla sau huɗu a rana, a ware wanda aka saka a ƙasa, da mai kashi, da mai tsaga, da wanda siffarsa ta karkace. Wanke ƙwai da ruwan sanyi kuskure ne, domin yana goge siririn rufin da ke kare ɓawon, yana kuma tura datti ciki. Ana jera ƙwai ne da tsininsa a ƙasa, faffaɗan gefen a sama, domin a can ne jakar iska take.

A nan ne yanayin Kano yake zama babban ƙalubale. Idan zafi ya haura digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, halittar da ke cikin ƙwai takan fara girma, amma girma na rauni wanda ba ya ɗorewa. A watan Afrilu kuwa zafin rana a Kano yakan kai digiri 40. Ƙwan da ya kwana biyu a irin wannan ɗaki ya fara lalacewa tun kafin ya ga injin. Abin da ake so shi ne ɗaki mai sanyin digiri 16 zuwa 18 da laima kimanin kashi 75, kuma kada ajiyar ta wuce mako guda. Bayan kwana bakwai yawan ƙyanƙyasa yakan riƙa raguwa kowace rana, tsakon kuma ya makara wajen fitowa. Idan dole ta sa za a daɗe, manyan masana'antu sukan ɗumama ƙwan na 'yan sa'o'i a tsakiyar ajiya, su sake sanyaya shi, kamar yadda kaza take yi duk lokacin da ta dawo gurbi domin saka wani ƙwan. Kafin a zuba ƙwai a injin, akan bar shi ya ɗumama sannu a hankali, domin kada ya yi gumi.

4.3 Cikin Injin Ƙyanƙyasa

Abubuwa huɗu injin yake kwaikwaya daga kaza mai kwanci: zafi da laima da juyi da iska.

Zafi shi ne kan gaba. Ana son jikin ɓawon ya tsaya a wajen digiri 37.8. A kwanakin farko ƙwai yana karɓar zafi ne daga injin, amma daga tsakiyar kwanakin tsakon yakan fara fitar da nasa zafin, kuma na buroila ya fi yawa saboda saurin girmanta. Don haka a mako na uku aikin injin yakan koma rage zafi. Idan ɓawo ya haura digiri 39 ya daɗe a haka, tsakon yakan fito da wuri, fari fat, da ƙaramar zuciya da cibiyar da ba ta rufe ba. Irin wannan ne yake faɗuwa ya mutu bayan ya yi nauyi, lokacin da mai kiwo ya riga ya kashe kuɗin abinci a kansa. Ɗaukewar wutar lantarki ma illa ce babba, shi ya sa ba a kafa injin sai da janareta ko na'urar hasken rana a gefe.

Laima ita take tsara yawan ruwan da ƙwai zai rasa. Akan riƙe ta tsakanin kashi 50 da 60 har zuwa kwana na 18, sannan a ɗaga ta zuwa wajen kashi 70. Hanyar gane ko ta yi daidai ita ce awo. Ya kamata ƙwai ya rasa kashi 11 zuwa 13 na nauyinsa a kwana 18, wato mai giram 60 ya koma wajen giram 53. Da hunturu iskar Kano a bushe take ƙwarai, sai ƙwai ya rasa ruwa fiye da kima, tsako ya manne da ɓawo. Da damina kuwa akasin haka ake samu: jakar iska ta yi ƙanƙanta, tsako ya fito da kumburarren ciki, ko ya shaƙe kafin ya fasa. Ke nan saitin da ya yi aiki a watan Agusta ba lalle ne ya yi a Janairu ba.

Juyi yana hana halittar mannewa da ɓawo, yana kuma taimaka wa jijiyoyin jini su bazu. Manyan injuna suna karkata ƙwai digiri 45 zuwa dama, sannan zuwa hagu, a kowace sa'a. Mai juyawa da hannu ya yi aƙalla sau uku ko biyar a rana, yana sa alama a gefe guda na ƙwan domin kada ya rikice. A kwana na 18 ake daina juyi, a mayar da ƙwan cikin kwandunan fashewa.

Iska kuwa buƙatarta tana ƙaruwa ne yayin da tsako yake girma. A kwana na 19 zuwa na 20 yakan janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ya huda jakar iska da baki, ya fara numfashi da huhu, sannan ya fasa ɓawo. Toshe ƙofofin injin a wannan lokaci domin tattalin zafi yana kashe tsakon da ya riga ya kammala halitta.

4.4 Darasi Daga Baragurbi

Mai ƙyanƙyasa na ƙwarai ba ya zubar da baragurbi sai ya bincika shi. Tun a wajen kwana na 10 akan haska ƙwai da tocila a ɗaki mai duhu, a fitar da wanda ya fito fes babu jijiya. Bayan ƙyanƙyasa kuma a fasa waɗanda suka rage. Idan babu alamar halitta sam, a duba zakaru. Idan an ga zoben jini, mutuwar farko ce, a duba ma'aji da jigila. Idan tsako ya cika amma bai fasa ba, a duba zafi da laima da iska. Idan ƙwan ya ruɓe yana wari, a duba tsafta. Da haka asarar yau take zama gyaran gobe.

5.0 Yadda Ake Gane Tsako Mai Nagarta

Yawan ƙyanƙyasa kaɗai bai isa ba, domin ba duk tsakon da ya fito ne zai yi albarka ba. Masana sun tsara ma'aunai na tantancewa. Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne ma'aunin Tona, wanda Kokou Tona, wani masani ɗan ƙasar Togo, ya fitar tare da abokan aikinsa a Jami'ar Leuven ta Beljiyam a 2003. Mai saye ba ya buƙatar kayan aiki kafin ya yi amfani da jigon waɗannan ma'aunai. Idan ya buɗe kwali, wanda galibi yake ɗauke da tsako 50 da gyara, sai ya lura da waɗannan:

i. Kuzari: a kwantar da tsako rigingine a tafin hannu. Lafiyayye yakan miƙe cikin daƙiƙa biyu ko uku.
ii. Cibiya: ta kasance a rufe, a bushe, babu baƙin ɓawo ko zare.
iii. Ciki: ya yi laushi, ba tauri ko kumburi ba.
iv. Ƙafafu: su yi sumul da sheƙi, ba su bushe ba, gwiwoyi ba su yi ja ba.
v. Ido da baki: ido a buɗe yana ƙyalli, baki babu karkata ko ɗigon jini.
vi. Gashi da girma: gashi a bushe, 'yan tsakin kuma su yi kusan kai ɗaya. Nauyin tsako yakan kai kashi biyu cikin uku na ƙwan da ya fito daga ciki, wato wajen giram 40.

Daga cikin waɗannan, cibiya ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ƙofar da ƙwayoyin cuta suke bi su ruɓar da ragowar gwaiduwa. Wannan ciwo yana cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan tsaki a makon farko. Ya kamata kuma mai saye ya tambayi ranar ƙyanƙyasa, da sunan masana'anta, da rigakafin da aka yi musu.

6.0 Hanya da Makon Farko

Ragowar gwaiduwa tana iya riƙe tsako har kusan kwana uku ba ci ba sha, kuma wannan ne ya sa ake iya ɗauko shi daga Ibadan zuwa Kano. Sai dai rayuwa daban, ƙoshin lafiya daban. Duk sa'ar da ta wuce tsako yana rasa ruwa. Shi ya sa aka fi son tafiyar dare, a mota mai shigar iska, kuma kada a jibge kwalaye a rana ko a bayan motar da ke rufe ana jiran mai saye.

Kafin su iso, a share ɗaki, a yi feshi, a shimfiɗa buntun shinkafa ko diddigar katako, a kunna abin ɗumi tun kwana guda, domin tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa a kwanakin farko. Ana son ɗumin digiri 32 zuwa 34 a kusa da abin ɗumin. 'Yan tsakin da kansu za su nuna gaskiya: idan sun cunkushe wuri guda sanyi suke ji, idan sun guje wa wuta suna haki zafi ya yi yawa, idan sun bazu suna ci suna sha an dace. Mai amfani da gawayi ya bar mafitar hayaƙi. Bayan kwana ɗaya a taɓa jakar abinci da ke gindin wuyansu, a tabbatar kusan dukkansu sun ci sun sha. A ƙarshen mako, nauyinsu ya ninka aƙalla sau huɗu, mutuwa kuma kada ta wuce ɗaya cikin ɗari.

Haka kuma a kiyaye shige da fice. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, kuma ta shafi gonakin Kano. Ta sake dawowa Kano da Legas a farkon 2015. Kasuwar kaji wuri ne da tsuntsaye daga ko'ina suke cakuɗuwa, don haka wanda ya dawo daga Sabon Gari kada ya shiga ɗakin 'yan tsaki da takalmi da tufafin da ya je da su. A kuma bi jadawalin rigakafin fakat da gumboro bisa shawarar likitan dabbobi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da waɗannan magunguna.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tsako yana ratsa hannuwa da dama kafin ya zama kazar kasuwa: mai kiwon iyaye, da mai adana ƙwai, da mai kula da injin, da direba, da dillali, da mai kiwo. Kowannensu yana iya rage nagartar da ya karɓa, amma babu mai iya dawo da wadda ta ɓace a hannun na gabansa. Mai kiwon da ya san haka zai fi kula da asalin tsako a kan arharsa, zai buɗe kwali ya duba kafin ya biya, zai kuma shirya ɗaki kafin baƙinsa su iso. Malamin da ya iya bayyana wannan da Hausa mai sauƙi, a aji ko a zaure, yana iya tsare wa wani gida jarin da aka daɗe ana tarawa.

Tambayoyi

1. Bayyana ma'anar baragurbi da asalin kalmar, sannan ka yi amfani da ita a jimloli biyu masu ma'ana daban-daban.
2. An zuba ƙwai 500 a injin, 450 masu zakara ne, 'yan tsaki 360 suka fito. Fitar da yawan ƙyanƙyasa ta hanyoyi biyun da aka bayyana.
3. Ta yaya bazara da hunturu da damina suke shafar ƙwan ƙyanƙyasa a Kano?
4. Kawo alamomi biyar na tsako mai nagarta.
5. Ziyarci kasuwar kaji mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi goma da masu sana'ar suke amfani da su, ka rarrabe na asali da na aro.